Mataki na Ɗaya

Glenn ne ya fara lura da shatin hannun. A jikin farin bangon da ke gefen gadon mahaifiyarsa fenti ya yi duhu, yatsu biyar reras, daidai inda Verna Kosinski ke dafawa kowace safiya kafin ta iya miƙewa. Ya jiƙa tsumma a famfo ya shiga gogewa, yana magana bai ko juyo ba.

"Mama, irin wannan fa suke dubawa. Ido gare su kamar 'yan kwastan."

"Bango ne kawai, Glenn."

"Babu wani kawai a gidan nan. Komai da farashinsa."

Nan kam bai yi ƙarya ba. A gidan tsofaffin da ke bakin garin Toledo, dala dubu huɗu da ɗari takwas ake biya duk wata, kuɗin ɗaki ke nan da abinci sau uku da shara da wankin zanen gado ranar Talata. Shi ake kira mataki na ɗaya, na tsohon da ke iya yi wa kansa komai. Abin da ya wuce haka kuwa maki ake ba shi. A cuɗa maka baya, maki. A ɓalla maka maɓallin riga, maki. A miƙo maka magani a ɗan kofin roba, maki. Ko ƙararrawar neman taimako ka cika dannawa, na'ura tana ƙirgawa. Duk bayan wata uku nas takan zo da takardarta ta tara makin. In ya kai, an hau mataki na biyu, ƙarin dala ɗari bakwai. Na uku kuwa ninkin hakan.

Shekarar Verna tamanin da huɗu, biyu daga ciki a ɗakin nan ta yi su. Glenn shi kaɗai ta haifa. Shi ke riƙe da takardar wakilcinta, da kuɗin gidanta da aka sayar, da abin da inshora ta biya bayan rasuwar mijinta Stan. Kowace Lahadi yakan zo bayan coci, kuma ba ya zuwa hannu sake. Matarsa Tracy ta cire duk maɓallan rigunan Verna ta sa musu zik mai babban zobe. Shi kuma yakan jera mata maganin mako a akwati mai gida bakwai, ya ɓoye cikin gwangwanin biskit. Ƙararrawar da ake ratayawa a wuya ya naɗe igiyarta ya tura can ƙarshen durowa.

In ya gama da waɗannan sai a shiga gwaji.

"Tashi, Mama. Kar ki dafa. Zauna. Sake tashi. Ina jin nishinki fa, ita ma za ta ji."

"Gwiwar ce yau ba ta so."

"To ki ce mata ta so. Wa ke yi miki wanka?"

"Ni."

"Wa ke ba ki magani?"

"Ni."

"Yauwa, sarauniyar ɗaki na ɗari biyu da sha huɗu!" Sai ya sumbace ta a goshi, ya rage murya. "Ba don kaina nake yi ba, kin sani. In kuɗin nan suka ƙare, gidan da gwamnati ke biya za a kai ki. Mutum biyu a ɗaki, labule a tsakani. Kin ga inda Bernice ta ƙare."

Ta gani. Ta je duba ƙawar tata sau ɗaya, ta tarar da ita kwance tana kallon rufi, maƙwabciyarta tana ta kiran sunan wani da ya mutu tun tuni. Kwana biyu Verna ta yi tana jin warin wurin a gashinta. Da an ambaci Bernice sai ta miƙe ba tare da ta dafa ba.

A ɗakin cin abinci teburinsu ɗaya da Earl, tsohon direban bas wanda ya daɗe a mataki na uku kuma yake alfahari da shi kamar muƙami.

"Na lissafa," in ji shi wata rana yana nuna ƙirjinsa da cokali. "Kowane maɓallin rigar nan dala huɗu yake ci. Ko angon fim bai kai ni tsada ba. Ke kuwa, Verna, har yanzu kina ajin farko? Ba kya ƙoƙari a makarantar nan."

"Wasunmu ba su da malalacin jiki irin naka."

"Ke dai faɗi gaskiya, rowa ce. Mutuniyar da ke naɗe burodi a tsumman hannu!"

Ta yi dariya tare da shi, amma ta ƙara tura burodin cikin jakarta. Shi ne abincin darenta. Daga ɗakinta zuwa wurin cin abinci doguwar tafiya ce, da yamma kuma ƙafafun ba sa yarda. A kawo tiren abinci ɗaki dala takwas ne, kuma yana fitowa a takardar wata, Glenn yana karantawa layi-layi. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana ciyar da yara ɗari huɗu kullum a kicin ɗin makaranta, ita ce ke zama bakin gado tana jiƙa busasshen burodi a ruwan famfo.

Tun watan Oktoba ta daina shiga wurin wanka, ranar da ƙafarta ta ɗan zame ta rungumi ƙarfe har hannunta ya yi tsami. Ta koma goge jiki da tsumma a tsaye, inda hannu ya kai. Baya bai ga ruwa ba. Gashinta ta riƙa turawa cikin hular ulu tana cewa sanyi take ji. Faratan ƙafa suka yi tsawo suka lanƙwashe suna cin nama, har takalmi ya gagara, ta koma silifas. Ƙwayoyin magani kan kuɓuce mata su gangara ƙarƙashin gado. Wata ran ta rasa ko ta sha na hawan jini ko ba ta sha ba, ta ƙara, ta wuni ɗakin yana juya mata.

Shondra ce ta gano. Ita ce ma'aikaciyar benen nasu, mace mai kauri da ta haura arba'in, wadda in ta tashi daga nan take wucewa wani aikin a kantin magani. Ta shigo sauya zanen gado, idonta ya sauka a kan ƙafar Verna.

"Mama Verna, wannan ƙafa ce ko ta shaho?"

"Zan yanke. Mantuwa nake yi."

"Wa kike ruɗa? Ni?" Ta leƙa waje, ta turo ƙofa. "Kawo nan. Lokacin hutuna ne, ba ruwan kowa da abin da na yi da shi."

Daga ranar, sau ɗaya ko biyu a mako, Shondra takan cinye hutunta na minti goma sha biyar a ɗakin. Ta wanke mata kai a kwano, ta goge mata baya tana tsaki, ba ta rubuta ko ɗaya a takarda ba. Kullum sai ta ce wannan ne na ƙarshe.

Wata Alhamis cikin Janairu, da misalin bakwai na safe, Verna ta juya za ta ɗauki tawul a bayi, sai ga ta a ƙasa. Ba ta san yadda aka yi ba. Haƙarƙarinta ya bugi bakin masai, ta faɗi a matse tsakaninsa da bango, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinta. Tayil ɗin sanyi ƙalau. A gefen fuskarta jar igiyar gaggawa tana reto, ta bayi wadda Glenn bai iya cirewa ba saboda a bango take. Ta miƙa hannu ta kama. Ta naɗa ta a yatsa. Ja ɗaya, mutum uku za su shigo a guje, ɗaya da takarda a hannu.

Ta saki igiyar.

Ta gwada tashi da gwiwar hannu, numfashi ya ɗauke. Ta huta ta sake gwadawa. Tana jin ƙarar keken kwanuka yana wucewa, tana jin talabijin ɗin maƙwabta, tana jin ana share dusar ƙanƙara a farfajiya. Fitsari ya matse ta, ta riƙe iya riƙewa, daga baya ta bari. Ta yi addu'ar da ta iya, ta kira Stan, ta zage shi da ya riga ta tafiya. Sau uku tana sake kama igiyar, sau uku tana saki.

Sai sha ɗaya saura Shondra ta buɗe ƙofa, don Earl ya tare ta ya ce marowaciyar teburinsu ba ta sauko karin kumallo ba.

"Wayyo Allah! Mama Verna! Tun yaushe?"

"Yanzu-yanzu. Kar ki kira kowa. 'Yar nan, don Allah kar ki kira kowa."

"Yanzu-yanzu, jikinki kamar ƙanƙara? Ga igiya a hancinki!"

"Kar ki rubuta. Na roƙe ki da girman iyayenki."

Shondra ta ɗaga ta da ƙyar, ta wanke ta, ta sa mata kaya, ta lulluɓe ta da bargo biyu. Da ta ɗaga rigar ta ga gefen ƙirjin ya fara yin shuɗi kamar faɗin faranti, sai ta zauna a bakin gado ta dafe kai.

"Kin san abin da kike sa ni? Wanda ya ga faɗuwa bai rubuta ba, kora ce, har takardar aikina su karɓe. 'Ya'ya biyu gare ni." Ta share fuska da bayan hannu. "Saurara. Ranar Litinin nas za ta zo yi miki gwajin wata uku. Ki faɗa mata da bakinki. In kin faɗa, zan tsaya in ce na gani na yi shiru, su yi min abin da za su yi. In kuwa kika ce lafiyarki lau, to ni da ɗakin nan sai sauya zanen gado. Ba zan riƙa lallaɓa ki a ɓoye har in zo wata safiya in tarar da gawa ba."

Kwana biyu Verna tana kwance tana numfashi sama-sama. Ranar Asabar ta jawo takardar jerin abincin mako ta juya bayanta. Lissafi ba baƙonta ba ne. Ta san buhun dankali nawa ke ciyar da yara ɗari huɗu. Gida da inshora, dubu ɗari biyu da sittin. Fanshonta yana biyan kusan rabin kuɗin wata, sauran daga ajiya ake cikawa. Shekara biyu sun ci dubu sittin. Saura dubu ɗari biyu. Ta raba, ta sake rabawa. Ko a mataki na biyu kuɗin za su kai ta shekara biyar da ɗoriya. Ta daɗe tana kallon lambar, sai ta ji wani sanyi a ranta wanda ta manta da irinsa. Ashe Glenn tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

Ranar Lahadi suka zo shi da Tracy, da kek ɗin lemo a faranti. Kafin ya tuɓe rigar sanyi ta miƙa masa takardar.

"Na faɗi ranar Alhamis. Awa huɗu ina ƙasa. Gobe zan ce a sa ni mataki na biyu. Duba nan, kuɗin sun isa. Shekara biyar, Glenn. Ni ina zan kai shekara biyar?"

Ya karɓa ya duba. Kunnuwansa suka yi ja. Tracy ta ajiye farantin a hankali ta tafi taga ta tsaya.

"Wa ya san kin faɗi?"

"Ban ji ka tambayi inda na bugu ba."

"Haba Mama. Ina kika bugu?" Ya zauna a kujera kamar an tura shi. Ya naɗe takardar gida biyu, ya sake naɗewa. "Ba dubu ɗari biyu ba ne. Casa'in ne."

Ta ɗauka kunnenta ne. "Nawa?"

"Aro na yi. Shekarar da kika shigo nan, kin tuna ruwan da aka yi ta yi? Wata uku kamfanina na gyaran rufi bai hau rufin kowa ba. Motocin aiki biyu banki zai ƙwace, ga masu haraji a wuyana, ga mutum shida da ke ci a ƙarƙashina. Da kamfanin ya rushe, wa zai riƙa zuwa miki Lahadi? Na ce kafin shekara na mayar."

"Ka mayar?"

"Abubuwa ba su tafi yadda na so ba."

"Ai ba cin banza aka yi da su ba, Mama," in ji Tracy daga taga. "Har da kuɗin jami'ar jikarki a ciki. Kuma in an duba, a ƙarshe ai nasa ne. Shi kaɗai gare ki."

"Tracy, yi shiru."

"Gaskiya na faɗa. Wasu 'ya'yan ko leƙowa ba sa yi. Mu wace Lahadi muka fasa?"

Verna ta dafe gefen ƙirjinta. Muryarta ta fito siririya. "To in sun ƙare a kai ni inda aka kai Bernice. Na haƙura. Can aƙalla za a ɗaga ni in na faɗi."

Glenn ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki, ƙasa yake kallo.

"Can ma ba za su biya ba. Kafin gwamnati ta ɗauki nauyin mutum sai ta binciki asusunsa na shekara biyar baya. Ba mu rubuta takardar bashi ba, don haka kyauta za su kira shi. Za su ce wadda ta kyautar da dubu ɗari da goma ba ta rasa ba. Sai dai in dawo da su, ni kuwa ko gidana na sayar da ƙyar ya kai. Kuma da takardar wakilci na cire, Mama. Lauya ya ce in abin ya je gaban hukuma, ba maganar kuɗi kaɗai ba ce." Ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. "Shekara biyu sun wuce. Saura uku. Abin da ya rage zai kai uku cif, in kina mataki na ɗaya. In kika hau na biyu, ba zai kai ba. Na lissafa ta kowace hanya. Shekara uku kawai, Mama. Bayan nan duk abin da kike so."

"Shekara uku," ta ce.

"Zan riƙa zuwa Laraba ma. Tracy za ta yi miki wanka. Ko ba haka ba, Tracy?"

"In na samu sarari," in ji Tracy.

Ranar ba a yi gwaji ba. Ya jera maganin mako, ya mayar cikin gwangwani, ya yanka mata kek ya ajiye kusa da hannunta. A bakin ƙofa ya juyo ya ce gobe ta sa rigar nan mai kauri, kar a ga yadda take karkata.

Litinin da ƙarfe goma Nas Albright ta shigo da takardarta, doguwar mace mai fara'a da ƙamshin sabulu. Glenn ya riga ta zuwa, ya bar aiki, har da aski. Nas ta kira Shondra ta tsaya kusa saboda gwajin tafiya, ita kuwa ta shigo da tawul huɗu a hannu ta tsaya jikin ƙofa.

"To, Mama Kosinski, mu ga tashin nan naki."

Verna ta tattara ƙafafunta. Ta miƙe. Wani abu kamar wuƙa ya ratsa gefenta har cikin haƙori, ɗakin ya yi fari, amma hannuwanta suna kan cinyarta, ba ta dafa komai ba. Ta taka zuwa taga ta dawo. Ta zauna, ta haɗiye nishin.

"Madalla! Wanka fa?"

"Da kaina."

"Magani?"

"Ba ta kuskure ko ɗaya," in ji Glenn. "Ta fi ni lissafi."

"Ita nake tambaya, ranka ya daɗe," in ji nas tana dariya. Ta juya shafi. "Saura ɗaya. A cikin wata ukun nan, kin faɗi, ko kin kusa faɗuwa?"

Verna ba ta kalli ƙofa ba, amma tana jin idon Shondra a kanta. Glenn ta kalla. Yana zaune a bakin gado, hannuwansa a haɗe tsakanin gwiwoyi, hannuwan da sanyi da kwalta suka farfasa. Shekararsa hamsin da takwas, furfura ta cinye rabin kansa. Ya sace mata kuɗi, ta sani. Ya bar ta da ƙazanta da yunwa da sanyin tayil, yana ƙirga mata watanni kamar mai jiran wa'adin banki. Duk da haka da ta hango shi a gaban alƙali cikin wannan rigar, sai ta ji abin ya fi haƙarƙarin ciwo. Shi ma ya san haka. Tun ranar da ya ɗauki biro ya sa hannu a madadinta ya sani, da wannan ya dogara, ba da lauya ba.

"A'a," ta ce. "Ban faɗi ba."

"Ina ma duk irinki ne," in ji Nas Albright. Ta ja layi, ta sa hannu. "Mataki na ɗaya. Sai kuma Afrilu."

Glenn ya saki dogon numfashi, ya tashi yana ba nas labarin yadda mahaifiyarsa ke ɗaga tukunyar miya mai cin guga biyu ita kaɗai. Nas tana dariya tana tattara takardu. Verna tana zaune a miƙe yadda aka koya mata, gumi yana bin bayanta a cikin rigar mai kauri. Shekara uku gwaji goma sha biyu ke nan. An yi ɗaya.

Sai a lokacin ta juya wajen ƙofa. Shondra ta tako ta ajiye tawul ɗin a kan kujerar da ke kusa da gado, ƙasa-ƙasa, inda hannu zai kai ba sai an miƙe ba. Ta daidaita gefensu da tafin hannu. Ba ta kalli nas ba, ba ta kalli Glenn ba. Ta ɗan tsaya kamar mai neman abin da ta manta, sannan ta fita, ta jawo ƙofar a hankali har ta rufu.